Shugaba mai ƙarfin hannu irin na Sin: shi muke nema kuwa?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kusan duk lokacin da aka taɓo matsalar ƙasa a nan, sai wani ya ce, "ai mu sai an samo mana shugaba mai ƙarfin hannu irin na Chaina, wanda ba ya sauraron kowa." Ina so mu auna wannan magana da tarihin Sinawan su kansu, domin a iya karatuna, shekarun da hannun shugaba ya fi ƙarfi a Sin su ne shekarun da aka fi binne mutane.

A 1958 Mao Zedong ya ƙaddamar da shirin da aka sa wa suna Babban Tsalle. Burinsa Sin ta wuce Birtaniya wajen sarrafa ƙarfe cikin shekara 15. Aka tattara manoma cikin manyan gandaye na haɗaka kusan dubu 26, ba mai gonar kansa, ba mai tukunyar kansa, kowa a ɗakin girkin gari zai ci. Aka ce ƙarfen da ake samarwa ya ninka a shekara guda, daga tan miliyan 5.35 zuwa 10.7. Sai ƙauyuka suka gina ƙananan maƙeru a bayan gida, ana jefa tukwane da fartanya da sakatar ƙofa a wuta don a cika adadin da aka yanka wa gari. Abin da ya fito yawancinsa dunƙulen ƙarfe ne da ko lauje ba za a ƙera da shi ba, ga amfanin gona yana ruɓewa a fili saboda maza suna bakin wuta. Aka kuma yi shelar kashe gwarare wai suna cin hatsi. Mutane suka yini suna buga kwanoni da ganguna har tsuntsu ya gaji ya faɗo. Da gwarare suka ƙare, fara da tsutsa suka samu sake.

Amma ba wannan ne ya fi kisa ba. Ƙarya ce ta fi kisa. Shugaban gunduma ya san idan ya faɗi gaskiyar abin da aka girbe za a ce shi maƙiyin juyin juya hali ne, sai ya ninka adadin. Na sama da shi ya ƙara nasa. Kafin takarda ta isa Beijing an ga hatsin da babu shi a duniya. Gwamnati ta yanka kasonta bisa wannan adadi na ƙarya, aka kwashe har da iri. Ana mutuwa a ƙauye, rumbunan gwamnati a kulle, ana kuma ci gaba da fitar da hatsi ƙasashen waje. A yankin Xinyang na lardin Henan kaɗai kusan mutum miliyan 1 suka tafi. Masu bincike sun saɓa kan jimillar ƙasar, daga miliyan 15 har zuwa 45, da yawansu suna tsayawa wajen miliyan 30.

An samu wanda ya yi magana. A taron Lushan na 1959 ministan tsaro Peng Dehuai, wanda ya jagoranci sojojin Sin a yaƙin Koriya, ya rubuta wa Mao wasiƙa cikin ladabi yana nuna ɓarnar. Aka tsige shi. Daga ranar kowa ya kama bakinsa, yunwa ta ƙara shekara biyu tana cin mutane. To wannan shi ne shugaban da ba ya sauraron kowa.

Kwamared:
Malam, da girmamawa, ka ɗauko labari daga tsakiya. Wace Sin Mao ya tarar? Tun 1839 Turawan Ingila suka yaƙe su don kawai sun ce ba sa son a ci gaba da shigo musu da ƙwayar ofiyam. Jami'in sarki Lin Zexu ya lalata wadda ya ƙwace a Humen, aka zo da jiragen yaƙi, aka tilasta musu yarjejeniyar Nanjing a 1842, Hong Kong ta tafi. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka wawashe fadar bazara ta sarki, aka banka mata wuta. A 1895 Japan ta karɓe Taiwan. A 1900 ƙasashe takwas suka shiga Beijing da sojoji, aka ɗora wa Sin tarar azurfa da za ta yi shekaru tana biya. Sarauta ta faɗi a 1912, Sun Yat-sen ya kafa jamhuriya, amma kafin a je ko'ina Yuan Shikai ya naɗa kansa sarki, da ya mutu a 1916 kowane janar ya yanki lardinsa yana karɓar haraji. Sai Japan ta dawo, ta kama Mancuriya a 1931, ta yi kisan Nanjing a Disamba 1937.

Shekara ɗari ana taka su. Wanda ya tsayar da wannan shi ne Mao, ranar 1 ga Oktoba 1949. A lokacin mutum takwas cikin goma ba su iya karatu ba, tsawon rai bai kai shekara 40 ba. Kafin ya rasu a 1976 ya kai wajen 65. Likitocin ƙauye da ake kira marasa takalmi sun kai rigakafi lungun da bai taɓa ganin allura ba. A 1964 suka gwada makamin nukiliya, daga nan ba wanda ya ƙara yi musu kallon banza. Talakan da ya ga an karɓe gona daga hannun mai ƙasa an ba shi, kai Malam ka san ba zai manta ba.

Malamin Tarihi:
Kwamared, duk abin da ka lissafa haka yake, kuma shi ya sa har gobe dattawan ƙauye da yawa a Sin ba sa son a zagi Mao a gabansu. Sai dai gonar da ka ambata, shekara nawa ta yi a hannun talakan? An raba tsakanin 1950 da 1952, bayan an kashe masu ƙasa aƙalla dubban ɗaruruwa a tarukan gari. Zuwa 1956 an karɓe ta an zuba a haɗaka. A 1958 kuma aka kafa dokar rajistar mazauni, wadda ta ɗaure ɗan ƙauye a ƙauyensu. Mu a nan idan fari ya yi tsanani mutum yana ɗaukar sandarsa ya tafi cin rani. Manomin Henan a 1960 ko wannan ba shi da ita, an sa masu tsaro a hanya.

Kuma ba Amurka ce ta fara faɗin wannan ba. Liu Shaoqi, shugaban ƙasa a lokacin, ya je ƙauyensu a Hunan ya gani da idonsa, ya dawo a taron jami'ai dubu 7 na Janairu 1962 ya maimaita abin da manoma suka gaya masa, cewa kashi uku na masifar daga yanayi ne, kashi bakwai daga hannun mutum. Mao bai yafe masa ba. Liu ya mutu a tsare a Kaifeng a 1969, ba magani, aka ƙone gawarsa da sunan wani.

Ɗalibi a Wuhan:
Ranku ya daɗe, bari in sa baki daga nan inda nake. Hoton Mao yana kan kowace takardar kuɗi daga yuwan 1 har 100, yana kuma rataye a ƙofar Tiananmen. Amma idan ka zauna da dattawan da suka yi karatu, abin da suka fi tunawa shi ne shekara goma na Juyin Al'adu, 1966 zuwa 1976. Wani malaminmu da ya kusa ritaya ya taɓa ba mu labarin mahaifinsa, malamin lissafi ne a sakandare, ɗalibansa suka sa masa doguwar hular takarda, suka rataya masa allo a wuya, suka durƙusar da shi a filin makaranta. Yana faɗa muryarsa na rawa, sai ya yi shiru ya koma kan darasi.

Abin da ya ba ni mamaki, al'ummar da ta fi kowa girmama malami ita ce ta yi haka. Matasan Mao masu ɗaura jan ƙyalle a hannu an ce musu su rusa tsoffin abubuwa huɗu, tsohon tunani, tsohuwar al'ada, tsoffin ɗabi'u da tsoffin halaye. A Nuwamba 1966 suka je Qufu, garin Konfushiyas, babban malamin hikimar Sinawa na zamanin da, suka farfasa allunan dutse, suka tone kaburburan zuriyarsa. Da abin ya fi ƙarfin kowa aka kwashi matasa kusan miliyan 17 aka tura ƙauyuka wai su koyi darasi wurin manoma.

Malamin Tarihi:
Madalla da kai ɗana. Wannan fushi da tsohuwar al'ada kuwa ya girmi Mao. Sinawa sun yi sama da shekara dubu suna ɗaukar ma'aikatan sarki ta hanyar jarrabawa kan littattafan Konfushiyas, sai a 1905 aka soke ta, saboda an ga haddar waɗannan littattafai ba ta tare jirgin yaƙi. A 1919 kuma, bayan Sin ta aika lebura kusan dubu 140 sun taimaki Turawa a yaƙin duniya na farko, taron Basai a Faransa ya miƙa wa Japan yankin Shandong da ke hannun Jamus maimakon a maido wa masu shi. Ranar 4 ga Mayu ɗalibai suka fito a Beijing. Wannan zamani ne ya haifi masu cewa a daina rubutu da tsohon harshen malamai da talaka ba ya ganewa, a rubuta yadda ake magana, irin su Hu Shi da Chen Duxiu. Chen ɗin nan shi ya zama shugaban farko na jam'iyyar Kwaminis da aka kafa a Shanghai a 1921, mambobinta a lokacin ba su wuce hamsin da 'yan kai ba.

Gyaran rubutu ya yi amfani ƙwarai, musamman da aka sauƙaƙa haruffa a 1956, aka kuma kawo tsarin rubuta lafazi da boko a 1958. Abin da Mao ya yi a 1966 daban ne. Ya ɗauki wannan tsohon fushi ya saka a hannun yara, ya nuna musu abokan hamayyarsa.

Ɗalibi a Wuhan:
Haka ne Malam. Shi ya sa nan ake ɗaukar Disamba 1977 da muhimmanci, lokacin da Deng Xiaoping, wanda ya zama jagoran ƙasar bayan Mao, ya maido da jarrabawar shiga jami'a. Mutum miliyan 5.7 suka zauna, wasu da 'ya'yansu, wasu daga gona suka taho, aka ɗauki wajen dubu 270. Yau ranar 7 ga Yuni idan aka fara ta, ana hana busa hon kusa da makarantu, ana dakatar da gini, iyaye mata a tsaye a bakin ƙofa cikin rana. A 2024 sama da miliyan 13 suka yi rajista.

Alhaji Na-Kwari:
Ni ban yi dogon karatu ba, kasuwa na sani. Na daɗe ina zuwa Gwanzu, wato birnin Guangzhou, sarin atamfa da shadda da yadi. Abin da idona ya gani shi ne mutanen nan ba sa wasa da aiki. Ka kai wa mai masaƙa samfur da safe, kafin la'asar ya kira ka ka zo ka ga zanen a kan ƙyalle, ya tambaye ka kwantena nawa. Yarinya tana cin abinci da tsinke a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan kalkuleta. A unguwar Xiaobei kuwa kamar kana Fagge, ga 'yan Mali, ga 'yan Gini, ga namu, ga gidajen taliyar Musulmi masu farar hula. To mu da muka bar masaƙun Sharaɗa da Bompai da Kakuri suka mutu, da wane baki za mu zagi tsarinsu? Malam, ko me suka yi a baya, yanzu dai wuta ba ta ɗaukewa.

Malamin Tarihi:
Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Wancan mai masaƙa da yake kiranka kafin la'asar, a zamanin Mao da ɗan kurkuku ne, domin saye da sayarwa don riba laifi ne. Ga ma wani abin dubawa kusa da mu. Babbar masaƙar UNTL ta Kaduna da aka kafa a 1964, dangin Cha ne na Hong Kong suka kawo ta, Sinawa masu masana'anta da suka bar babban yankin ƙasar Sin gab da hawan Kwaminisanci. Hazaƙar tana nan tun da, wuri ne ba ta samu ba a gida.

Yadda aka sake ta kuwa daga ƙasa ya faro. A ƙarshen 1978, a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui, inda mutane suke fita bara bayan kaka, magidanta 18 suka taru da dare a asirce. Suka raba gonar haɗaka gida gida, kowa zai biya kason gwamnati ya riƙe saura. Suka rubuta takarda suka dangwala yatsa da jan tawada, da sharaɗin cewa idan an kama shugabanninsu ko an kashe su, sauran za su riƙe musu 'ya'ya har su kai shekara 18. Ku duba irin tsoron da ke cikin wannan sharaɗi, mutum zai noma gonar garinsu ne fa. Da kaka ta zo suka girbe ninkin baninkin abin da suka saba. Shugaban jam'iyya na lardin, Wan Li, ya kare su, Deng ya bari abin ya bazu. Hatsin ƙasar ya tashi daga tan miliyan 305 a 1978 zuwa 407 a 1984. A 1980 aka ware Shenzhen, dab da Hong Kong, aka ce masu jari su shigo. Gudummawar Deng mafi girma ita ce ya ga abu yana aiki bai murƙushe shi ba.

Maman Khalifa:
Sannunku da ƙoƙari. Ina ta karantawa ban ga an ambaci mata ba, alhali a jikinsu aka yi rabin wannan tarihi. Kakannin matan Sin na yau an naɗe musu ƙafa tun suna 'yan shekara biyar, a karya yatsun a lanƙwasa su ƙarƙashin tafin ƙafa, don ƙaramar ƙafa ita ce kyau. An fara yaƙi da wannan tun kafin Kwaminis, su suka ƙarasa shi. Dokar aure ta 1950 ta hana auren dole da sayar da yarinya, ta ba mace damar neman saki. Wannan kam Kwamared yana da gaskiya.

Amma Malam, kada ka wanke Deng tas. A zamaninsa ne, daga 1980, aka ce ɗa ɗaya tak. Jami'ar unguwa tana riƙe da littafin da take rubuta al'adar kowace mace. An zubar da cikin da ya tsufa da ƙarfi, an juya mahaifar mata ba da yardarsu ba, an ci tarar da ta talauta gidaje. Saboda kowa namiji yake so, 'ya'ya mata da yawa ba a bari sun zo duniya ba. Ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata da kusan miliyan 35. Yanzu an dawo ana roƙo, a 2016 aka ce biyu, a 2021 aka ce uku, matan sun ce tsadar gida da makaranta ba za ta bari ba, kuma a 2022 yawan jama'a ya fara raguwa. Duk mai kiran a kawo mana ƙarfin hannu ya tuna hannun nan har ɗakin matarsa yake shiga.

Kwamared:
Hajiya ta taimake ni. Malam yana nuna kamar Deng mai sassauci ne. Wa ya tura tankoki Beijing daren 3 zuwa 4 ga Yuni 1989? Shi ne. Kuma da bai yi ba, da Sin ta bi Tarayyar Sobiyat da ta wargaje a 1991. Ku dubi Rasha a shekarun Yeltsin, 'yan fansho suna sayar da kayan ɗaki a bakin titi. Ke nan ƙarfin hannun dai shi ya riƙe ƙasar har aka samu arzikin da Alhaji yake gani. Bankin Duniya da kansa ya ce kusan mutum miliyan 800 sun fita daga matsanancin talauci.

Malamin Tarihi:
Hajiya, ban wanke shi ba, kuma dokar ɗa ɗaya irin ciwon da nake magana a kai ne: 'yan tsiraru a sama suka yi lissafi, ba mai ikon cewa a'a, aka yi shekara 35 ana kai. Kwamared kuma, jinin 1989 yana wuyan Deng. Ɗaliban sun fito ne bayan rasuwar tsohon sakataren jam'iyya Hu Yaobang a Afrilu, kukansu cin hanci da tsadar kaya da 'yancin jarida. Sakataren jam'iyya Zhao Ziyang ya ƙi yarda a yi amfani da soja, aka tsare shi a gida har ya rasu a 2005. An kashe ɗaruruwa, wasu suka ce dubbai, yawanci a titunan da ke shiga dandalin Tiananmen, kuma har yau ba a yarda a yi zaman makokinsu a fili ba.

Sai dai ku lura da abin da ya biyo baya. Masu ra'ayin riƙau sun so a rufe kasuwa a koma gidan jiya, sai Deng, yana da shekara 87, ya yi tattaki zuwa Shenzhen a farkon 1992 ya ce a ci gaba. Shi ya ɗanɗani mulkin mutum ɗaya a jikinsa. An tura shi aikin gyaran tarakta a Jiangxi, babban ɗansa ya faɗo daga bene a hannun masu jan ƙyalle a 1968 ya shanye har abada. Saboda haka ya sa jam'iyya ta rubuta a 1981 cewa Juyin Al'adu masifa ce kuma Mao ne ya jawo ta, ya hana bautar shugaba, aka sa wa shugaban ƙasa wa'adi biyu a tsarin mulkin 1982, aka fara yi wa tsofaffi ritaya. Jiang Zemin ya sauka, Hu Jintao ya sauka. Shekarun da Sin ta fi bunƙasa, har ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001 ta kuma wuce Japan a 2010, shekaru ne da ba mutum ɗaya ke yanke komai ba. Xi Jinping ya cire wa'adin a 2018.

Ustaz Abu Hafsa:
Ni abin da ya dame ni a zancen nan 'yan'uwanmu Musulmi. Musulunci ya fi shekara dubu a Sin. 'Yan ƙabilar Hui sun haura miliyan 11, Uigur ma haka. A Juyin Al'adu an rufe masallatai, an ƙona Alƙur'anai, an tilasta wa limamai kiwon alade. A 1975 sojoji suka afka wa garin Shadian a lardin Yunnan, aka kashe Musulmi kusan 1,600, daga baya gwamnati ta amsa cewa an yi kuskure ta biya diyya. Zamanin Deng aka sake buɗe masallatai, aka koma zuwa Hajji. Daga 2017 kuma sai ga sansanoni a Xinjiang, inda masu bincike suka ce an tsare kusan mutum miliyan 1 ko fiye. Beijing ta ce makarantun koyon sana'a ne don yaƙi da ta'addanci. Ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a Agusta 2022 abin da aka yi zai iya zama laifi ga bil'adama. Abin da ya fi min ciwo, a 2019 ƙasashe 37 suka sa hannu a wasiƙar goyon bayan Sin kan wannan batu, ciki har da Saudiyya da Pakistan da Masar da Najeriya.

Alhaji Na-Kwari:
Ustaz, ni dai a Gwanzu ba a taɓa hana ni salla ba. Juma'a muna zuwa masallacin da ke kusa da kabarin da suke cewa na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, cika yake har waje, bayan salla ga masu tsire da gurasa a jere.

Ustaz Abu Hafsa:
Alhaji, Allah ya karɓa. Sa'adu dai malaman tarihi sun tabbatar a Baƙi'a yake a Madina, wancan ruwayar Musulmin Sin ce. Kuma baƙo mai fasfo da dala a aljihu ba ɗaya yake da ɗan ƙasa ba. Tsakanin Gwanzu da Kashgar tafiyar dubban kilomita ce. Ko su Hui da ake ganin an fi sassauta musu, an bi masallatansu ana sauke ƙubba da hasumiya wai a ba su kamar ginin Sinawa. A Mayu 2023 har arangama aka yi da 'yan sanda a Najiaying kan haka.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu nan Sinawa maƙwabta ne, matatar Soraz tun 2011 take aiki, ga bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar Benin. Abin da na lura, duk gwamnatin da ta zo suna aiki da ita, sharaɗinsu guda ne, Taiwan. Nijar ta ƙulla da Beijing a 1974, ta koma Taiwan a 1992, ta dawo a 1996. Malam, me ya sa tsibirin nan ya tsaya musu a rai haka?

Malamin Tarihi:
Yaƙin basasa ne da bai ƙare ba. Chiang Kai-shek, jagoran jam'iyyar 'yan kishin ƙasa, ya yi wa 'yan Kwaminis yankan rago a Shanghai a 1927, ya kore su har suka yi Doguwar Tafiya a 1934 da 1935, suka tashi su kusan dubu 86, waɗanda suka isa arewa ba su kai dubu 10 ba. Da suka ci shi a 1949 ya tsallaka Taiwan da gwamnatinsa, ya ci gaba da riƙe kujerar Sin a Majalisar Ɗinkin Duniya har 25 ga Oktoba 1971, lokacin da ƙuri'a 76 suka maida ita Beijing, 26 daga ciki na Afirka ne. Najeriya ta riga ta ƙulla da su a Fabrairun shekarar. Taiwan ɗin ma tana da abin faɗa a muhawararmu. Sinawa ne masu harshe ɗaya da al'ada ɗaya, sun yi shekara 38 ƙarƙashin dokar soja, aka ɗage ta a 1987, suka zaɓi shugaba kai tsaye a 1996, arzikinsu bai rushe ba, yau su ke ƙera mafi ingancin ƙwaƙwalwar kwamfuta a duniya.

Ɗalibi a Wuhan:
Maganar tsoron faɗin gaskiya da Malam ya fara da ita, a garin nan mun san ta. Likitan ido Li Wenliang ya gargaɗi abokan aikinsa a ƙarshen Disamba 2019 kan wata sabuwar cuta, 'yan sanda suka kira shi suka sa ya sa hannu cewa ya yaɗa jita-jita. Cutar ta kashe shi ranar 7 ga Fabrairu 2020. Daga baya gwamnati ta janye takardar ta karrama shi. Amma don adalci, a Nuwamba 2022 da mutane suka fito riƙe da farar takarda bayan gobarar Urumqi, cikin makonni aka sassauta kullen korona. Suna jin kuka, sai dai wanda ya fara yin sa shi ke kwana a ciki.

Kwamared:
Malam, ban sauka ba fa. Labarin magidanta 18 yana da daɗi, amma yatsa a takarda ba ya fitar da hatsi. Madatsun ruwa da magudanan da aka haƙa da hannu a zamanin gandayen haɗaka, su suka shayar da gonakin nan. Manyan masana'antun taki 13 da aka sayo daga waje, a 1973 aka yi odarsu Mao yana raye, suka fara aiki daidai lokacin da Deng ya hau. Shinkafar aure, wato mai haɗin iri biyu, ta masanin noma Yuan Longping a 1973 aka same ta. Ma'aikatan da suka cika masana'antun Shenzhen a makarantun ƙauyen Mao suka koyi karatu. Indiya ma ta buɗe kasuwa a 1991, me ya sa ba ta kamo su ba?

Malamin Tarihi:
Wannan hujja ce mai nauyi Kwamared, masana da yawa suna kanta, har da kwatancen Indiya. Zan ƙara maka da cewa a 1979 gwamnati ta ɗaga farashin da take sayen hatsi da kashi 20 cikin ɗari, kuma har yau ƙasar noma ba mallakin manomi ba ce, haya ce ta shekaru daga hannun gari. Inda muka rabu shi ne ko sai an bi ta kan gawar mutum miliyan 30 kafin a haƙa magudana a koya wa yara karatu. Koriya ta Kudu da Taiwan sun raba gona, sun gina makarantu a shekarun 1950, ƙarƙashin masu mulkin kama-karya su ma, ba su yi yunwar da ta ci ko kusa da haka ba. Madatsun zamanin Mao kuma ba duka ne suka yi albarka ba. Banqiao a Henan da wasu gommai suka ɓalle a ruwan Agusta 1975, dubban mutane suka halaka cikin dare ɗaya, injiniyan da ya yi gargaɗi kan ƙarancin ƙofofin ruwa tun farko an kawar da shi daga aikin, kuma sai bayan shekaru masu yawa aka bari jama'ar ƙasar suka san adadin.

Maman Khalifa:
Kwamared, kai da kake ta kare talaka, ina son jin bakinka kan rajistar mazaunin nan. Na ji har yanzu matar da ta baro ƙauye tana ɗinki a masana'antar Gwanzu, ɗanta ba ya samun makarantar gwamnati a birnin cikin sauƙi, sai ta bar shi wurin kaka, ta gan shi sau ɗaya a shekara lokacin bikin sabuwar shekararsu. Atamfar da Alhaji yake kawo mana, hannun irin waɗannan mata ta bi.

Alhaji Na-Kwari:
Wannan gaskiya ne Hajiya. Idan bikin ya matso masaƙu rufewa suke yi kusan wata guda, tashar jirgin ƙasa ba masaka tsinke, kowa da buhunsa da kwalin kayan wasan yara. Mu kanmu dole mu yi oda tun Nuwamba, in ba haka ba kayan azumi ba za su iso Kwari a kan lokaci ba. Kwamared, Hajiya tana jiran amsarka.